Akuyar da Butri Ta 'Yanta

Ranar da aka haifi Butri ubanta bai ko leƙa tantin ba. Ita ce mace ta uku a jere, shi kuwa namiji yake so, wanda zai bi ayarin gishiri. Don haka ya raɗa mata Butri, wato "jawo mana namiji". Ba ta jawo ba. Mata biyu suka ƙara biyo bayanta, kuma har tsohon ya mutu kallon wadda aka aika ta ɓatar da saƙo yake yi mata.

A tudun Cangtang ta tashi, inda itace ba ya tsirowa, iska kuma ba ta san hutu ba. Tana shekara shida ta iya majajjawa, akuya ba ta isa ta bar garke ba sai ta ji dutse a cinya. Tana sha biyu ta iya jera awaki arba'in layi biyu, kai da kai, ƙaho cikin ƙaho, ta ɗaure su da igiya ɗaya, ta tatse su tas kafin shayin uwarta ya tafasa. Abu ɗaya ne ba ta koya ba har ta tsufa, shi ne buɗe hannu. Hannun jarirai gare ta. Baƙo in ya shiga tantinta zai sha shayi, don a ƙasarmu ba a hana baƙo shayi, amma man shanun da muke sa wa shayi sai ya karkata kwanon wajen haske kafin ya gan shi.

Tana da shekara ashirin da biyu ta auri 'yan'uwa biyu, Samten da ƙanensa Purbu, kamar yadda ake yi a gidan da ba a son raba garke. Purbu mutum ne mai surutu da waƙa, shi kaɗai ke iya sa ta dariya har ta manta da rowarta ta ƙara mai a shayi. Samten kuwa in ya leƙa waje da safe ya ce "akwai sanyi", to ya gama hirar ranar ke nan. Shekara bakwai da auren Purbu ya ɗora wa tumaki da awaki 'yan jakunkunan gishiri ya nufi kudu musayar sha'ir, dusar ƙanƙara ta rufe su a mashigar dutse. Rabin dabbobin suka dawo gida da ƙafarsu, shi bai dawo ba. Butri ta yi kuka kwana uku, ran na huɗu ta share ido ta tambayi inda sauran jakunkunan suke. Mutane suka riƙe mata wannan tambaya har yau. Ni dai abin da na sani, tun daga lokacin ba a ƙara rera waƙa a tantinta ba.

'Ya ɗaya suka raya, Diki, ita ma ta yi aure a wani kwari mai nisan kwana biyar. Aka bar Butri da Samten da kare da awaki, ita tana faɗa, shi yana kaɗa zaren gashi a bakin tanti, haka har shekara talatin.

Wata kaka, ana shirin tashi zuwa mazaunin sanyi, tari ya kama Samten. Tun yana yi a tsaye har ya kwanta, abinci ba ya shiga, idanunsa suka faɗa. Dole Butri ta aika a ɗauko lama, wato malamin addininmu, daga gidan ibadar da ke bayan tafki. Ya zo a kan doki, ya yi karatu yini guda, ya sha shayinta ya dubi cikin kwanon. Da yamma ya ce abin da ya rage shi ne a 'yanta rai domin mai ciwo.

Kowa ya san wannan. Tsetar muke ce masa. Ana zaɓo dabba daga garke, a huda mata kunne a zura ƙyallaye masu launi, a shafa mata mai a goshi, a yi mata addu'a a sake ta. A kwarinmu daga ranar ba yanka, ba sayarwa, ba a taje gashinta, ba a sa ta a layin tatsa, ba a ɗaga mata hannu. Za ta ci ta kwanta har ajalinta ya zo da kansa. Masu kunya lafiyayyar dabba suke zaɓa, wadda rashinta zai yi musu zafi.

Butri ta shiga garke ta zagaya sau uku, ta fito tana jan Toka. Toka tsohuwar akuya ce mai launin toka da farin zane a goshi, shekararta tara, ta daina haihuwa, gashinta ya zama kamar tsintsiya, ga harbi ga tunkuyi. Da ma ita ce ta farko a cikin waɗanda za a yanka a kakar nan, kuma ko naman ma an san sai an yi da gaske.

Lama ya dubi akuyar, ya dubi matar. Ya ce, "Uwar gida, wannan ce?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, rai ka ce ko nono? Ba kai ne kake gaya mana kullum ran kwarkwata da ran sarki ɗaya ba? To ga rai nan."

Lama da bakinsa ya sha faɗin haka, ba dama ya janye a gaban jama'a. Ya huda kunnen, ya zura ƙyallayen, Toka ta saka masa da tunkuyi a gwiwa.

Abin mamaki, kafin tafki ya daskare Samten ya tashi zaune, ya nemi tsamfa, garin sha'ir ɗin nan da muke cuɗawa da shayi. Kafin sabuwar shekara ya koma bakin tanti da mazarinsa. Butri ta riƙa tafiya tana ɗaga kai, ta ci riba biyu: ga miji, ga garke bai yi gibi ba.

Maƙwabciyarta Yangzom ce ta ɓata mata wannan farin ciki. Sun haɗu suna tsintar busasshen kashin yak, shanun tudun nan masu gashi, na hura wuta, kowacce da kwando a baya.

Yangzom ta ce, "Yaya Butri, barka da arziki, na ga maigida ya miƙe."

"Ya miƙe. Wasu da sun so a ce bai miƙe ba."

"Haba Yaya, wa zai so haka? Ni dai tausayinki nake ji. Kin san araha ba ta ado. Kwana nawa suka rage wa tsohuwar akuyar nan? Ai abin da mutum ya bayar shi ake mayar masa. Kwanan da ya rage mata, shi kika samo wa Samten, ba ƙari."

Wannan magana ba ta cikin littafin kowane lama. Nan take Yangzom ta ƙirƙiro ta, don haushin matajin ƙarfe da Butri ta hana ta aro da damina. Butri ma ta san haka. Ta zage ta tas, ta haɗa da uwarta da kakarta da karen gidansu, ta juya ta tafi. Amma kafin ta isa tanti maganar ta riga ta shige ta ta zauna daram.

Ta iske Toka kwance a bayan tarin kashi tana tari. Ta shiga ciki, Samten ya yi atishawa. Ta dubi mijin, ta leƙa ta sake duban akuyar.

Tun daga ranar Butri ta zama baiwar akuya. In Toka ta yi ɗingishi, sai ta tambayi Samten gwiwarsa, shi kuwa da ma wane tsoho ne gwiwarsa ba ta ciwo? In Toka ta ƙi cin ciyawa, sai ta zuba wa mijin ido ta ga ko ya rage tsamfa a kwano. Da sanyi ya tsananta ta shigo da ita cikin tanti, ta ba ta wuri kusa da murhu, wurin da ko lama ba a ba shi ba. Ta buɗe jakar da ta shekara talatin a ɗaure, ta ciro tsohuwar rigar Purbu ta fata, ta daɗe tana kallonta, sannan ta sa wuƙa ta yanka ta ɗinka wa akuya riga. Matar da ke auna wa mutane mai da bakin allura, sai ga ta tana cuɗa tsamfa da mai tana bin akuya da lallashi.

Toka kuwa ba wawuya ba ce, ta gane ta zama sarauniya. Ta yi ƙiba, ta ƙara rashin kunya. Ta lashe man fitilun da ke gaban hotunan ibada. Ta cinye rabin tutocin addu'a da aka ɗaura a igiyar tanti, har Samten ya ce aƙalla yanzu addu'a ta shiga cikinta, wanda shi ne zance mafi tsawo da ya yi a shekarar. Ta kori karen gidan, ƙaton karen da kyarkeci ke shakka, daga inuwarsa. Ranar da ta tura kai cikin jakar cuku, Butri ta ɗaga ludayi sama.

"Tsohuwar banza, mai idon ɓarayi. Na rantse da Uku Masu Daraja, ba don wannan tsumman da ke kunnenki ba, da yau kin kwana a tukunya."

Toka ta dube ta tana tauna. Butri ta sauke ludayin, ta matso mata da jakar don kada ta ƙware.

Labari ya zagaye kwarin. In mata sun haɗu da ita a bakin rafi ba sa tambayar maigida, sai su ce, "Yaya Butri, ya jikin uwargijiyarki?" Ita kuma ta ce, "Tana gaishe ku, ta ce ta fi mazajenku amfani." Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, ta san wannan, shi ya sa ba ta kai ƙara wajen kowa ba.

A shekara ta uku kyarketai suka faɗa wa garke da rana tsaka. Butri, mace mai shekara sittin da ɗoriya, ta bar tumaki ta ruga ta tsaya a kan Toka tana wulwula majajjawa tana ashar. Tumaki uku masu ƙiba suka tafi a ranar, Toka ko tashi ba ta yi ba. A shekara ta biyar dusar ƙanƙara ta rufe ciyawa wata biyu cur, awaki suka riƙa cin gashin juna suna faɗuwa. Sha'ir ya yi ƙasa a buhu. Butri ta raba shi uku, kashi ɗaya na Samten, kashi ɗaya na Toka, na ukun nata, shi ma rabinsa yakan koma wajen Toka in ba wanda ke kallo. Ta fito daga sanyin nan kamar sanda, rigarta na yawo a jikinta.

Gaskiyar magana, tsoro take ji, tsoron da ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Ba wai ta yarda da Yangzom ɗari bisa ɗari ba ne. Abin da ya fi damunta shi ne ta san mijinta. Duk kwarin sun san maganar, shi ma ba kurma ba ne. Mutum irin Samten, wanda bai taɓa gardama da kowa ba, in ya ji Toka ta mutu zai ɗauka an yi kiransa ke nan, ya naɗe zarensa ya ajiye, ya kwanta ya juya wa duniya baya. Ta riga ta rasa mai waƙa, ba ta shirya rasa mai shiru ba.

Shi kuwa idanunsa sun fara dushewa, ba ya bambance akuya da tunkiya sai sun zo kusa. Kullum in rana ta fito yakan zauna a bakin tanti, Toka ta zo ta kwanta a gefensa, ya jiƙa tsamfa a tafin hannu ya miƙa mata, don haƙoranta sun zube saura dasashi. Tsofaffi biyu, kowa na mamular bakinsa.

A ƙarshen sanyi na shida, wata safiya, Butri ta fito ɗibar kashin wuta ta iske Toka a bayan tarin, ta miƙe ƙafafu, ta sandare. Butri ta saki kwandon. Ta koma cikin tanti da sauri ta durƙusa a kan Samten ta kasa kunne. Yana minshari, lafiya lau, bakinsa a buɗe. Ta zauna a ƙasa.

Ba ta daɗe a zaune ba. Ta fita ta kwance ƙyallayen kunnen, ta tuɓe rigar, ta goya gawar a baya ta haura da ita bayan tudu, ta ajiye wa ungulu. Ta tsaya ta ce, "Kin ci, kin sha, kin wulaƙanta ni. Je ki, a sake haifarki a gidan Yangzom." Sai ta ji hawaye na bin kumatunta, abin ya ba ta haushi ƙwarai.

Da ta sauko ta shiga garke neman wadda za ta maye gurbi kafin tsohon ya farka. Hali dai zanen dutse. Wata farar akuya ta fara kamawa, ramammiya mai gudawa, ta ɗebo toka a murhu ta mulke ta da ita, ta bar goshin fari. Ta ja baya ta duba, ba laifi. Akuyar ta girgiza jiki sau ɗaya ta koma fara, Butri ta koma launin toka.

Akuya ɗaya ce tak a garken mai launin Toka da zanen goshinta, kuma Butri ta san ko wacece tun kafin ta shigo, shi ya sa take ta kauce mata. Jikar Toka ce, shekararta uku. Nononta ya kai na awaki biyu. Laushin gashinta na ciki, wanda ake tajewa da damina, shi fatake ke fara tambaya in sun zo. Butri ta tsaya a gabanta har rana ta hau kan dutse, tana kallonta kamar mai ban kwana da 'ya. Sannan ta ciro allura.

Ta huda kunnen, ta zura ƙyallayen, ta shafa mata mai. Ta karanto abin da take iya tunawa na addu'ar lama, inda ta manta ta cike da nata: "Ku na sama, ku duba da kyau. Wancan karon na yi muku wayo, na sani, kun sani. Wannan ba ta da aibi ko ɗaya. In kuka taɓa mini tsoho bayan wannan, to ku ne macuta."

Da Samten ya fito ya zauna a wurinsa, ta janyo akuyar da ƙamshin tsamfa, sanye da rigar da ta yi mata yawa, har ta kawo ta gefensa. Ta koma bakin murhu ta kama kaɗa shayi da ƙarfi, tana leƙe ta ƙofar tanti. Samten ya jiƙa gari ya miƙa tafin hannu. Akuyar ta shinshina, ta ci. Ya shafa kanta, ya shafa kunnen, sannan ya zura babban yatsa a bakinta kamar yadda kowane makiyayi ke yi. Ya daɗe bai cire ba.

Ya ce, "Uwar Diki."

"Mene ne?"

"Toka ta yi haƙora."

"To sai me? 'Yantacciya ce, ba ta da ikon yin haƙora?"

"Tana da shi." Ya goge yatsan a riga. "Ina kika kai tsohuwar?"

Butri ta daina kaɗa shayin. Ta fito ta tsaya a kansa. Ta ce, "Bayan tudu."

"Ungulu sun sauka?"

"Sun sauka."

Ya gyaɗa kai. Ta zuba masa ido tana jira ta ga ya naɗe zaren, ya tashi ya nufi shimfiɗa. Sai ta ga ya ɗauki mazarin ya ci gaba da kaɗi.

Ya ce, "Wannan ai mai nonon nan ce."

"Ita ce."

"Ke da kanki?"

"A'a, Yangzom ce ta zo ta taya ni. Kai tsoho, yaya jikinka? Kana jin wani abu? Ƙirjinka fa?"

"Yunwa nake ji." Ya ja zaren. "Ni fa ban taɓa yarda da zancen Yangzom ba. Matar da ko kwanan wata ba ta sani ba, ina ta san kwanan mutum?"

Butri ta riƙe ƙugu. "Ba ka yarda ba? Shekara shida ina bauta wa akuya, na bar tumakina wa kyarkeci, na yi yunwa, mata na yi mini dariya a rafi, kana zaune kana kallo, bakinka bai iya buɗewa ka ce mini in huta ba?"

Samten ya juya mazarin sau biyu kafin ya amsa.

"Tun da Purbu ya tafi na ɗauka ni ne ragowar da aka bar miki, kamar ƙanzon tukunya. Shekara talatin ban san ko kin damu in kwana in tashi ba. Ranar da na ga kin yanka rigarsa kin ɗinka wa akuyata, sai na ce bari in yi shiru in ƙara gani." Ya share hanci da bayan hannu. "Daɗi nake ji, uwar Diki. Ban so ya ƙare ba."

Duk kwarin nan ba a taɓa samun wanda ya rufe wa Butri baki ba sai ranar. Ta ji tausayinsa ya kama ta, ta ji kunyar shekarun da ta bar shi yana wannan tunani, ga kuma haushi bai tafi ba. Ta zauna a ƙasa kusa da shi, akuyar a tsakaninsu tana lasar tafin hannunsa.

Can ta ce, "Shekararta uku. In ta yi kwanan kakarta, saura sha biyu."

"Kin san shekaruna kuwa?"

"Ban tambaye ka ba. Sha biyun nan za ka yi mini su cif. In ka mutu da saura ko kwana ɗaya, ka cuce ni akuya."

Samten ya ce, "To."